Gimbana da Surame a Hannun Masu Alƙalami

Duk wanda ya karanta tarihin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ko da a makarantar firamare ne, ya ji sunan Gimbana. Ita ce garin da dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka auka wa a ƙarshen shekarar 1803, suka kama almajiran Malam Abdussalami, suka biyo da su ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Daga nan sai hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, sai Tabkin Kwatto. To, amma mai karatu ya lura da abu guda: da zarar an kwance fursunonin nan, sai Gimbana ta fita daga labari. An ɗauke ta tamkar ƙyastu, an kunna wuta da ita an jefar. Alhali garin nan a ƙasar Jega yake, yaron da ya tashi a Giwa Tazo ko Aliero ko Maiyama ba ya buƙatar dogon guzuri kafin ya taka wurin.

Babbar madogararmu a kan wannan al'amari ita ce rubuce-rubucen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, musamman Infaƙul Maisuri na 1812 da kuma Sardul Kalami, wanda ya rubuta a kan abin da ya gudana tsakaninsa da Abdussalami. An fassara Sardul Kalami da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar a farkon shekarun 1930, saboda haka ba mai cewa Larabci ne ya yi masa shamaki. 'Yan tarihi sun daɗe suna tatsar littafin. Manazarta adabi kuwa sun wuce shi kamar ba su gan shi ba, kuma a nawa ganin sun yi asara.

Dubi yadda aka gina shi. Ga almajiri Bahaushe, Ba'are, wanda ya bi Shehu tun ana 'yan kaɗan, wanda saboda shi aka fara zare takobi. Ga shi kuma bayan wafatin Shehu a 1817 ya yi tawaye a Kware, an yaƙe shi, ya fita da rauni, ya cika a Bakura a farkon 1818. Wane mawallafin ƙagaggen labari ne zai samu jigo irin wannan ya ƙi godiya ga Allah? Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne Bello bai toshe bakin abokin hamayyarsa ba. Ya kawo wasiƙun Abdussalami, har da ƙorafinsa a kan yadda aka raba ƙasa bayan nasara da ɗan abin da ya ga an bar masa, sa'an nan ya bi su da amsa. Mai karatu yana jin muryoyi biyu, kowace da hujjarta daga littattafan malamai. Gaskiya ne mai nasara ne ya riƙe alƙalami, shi ya zaɓi abin da za a ji da inda za a tsaya. Duk da haka, samun sarkin da zai adana zargin da aka yi masa a cikin littafinsa ba ƙaramin abu ba ne, ko a yau.

Inda littafin ya gaza mu, kuma ba laifinsa ba ne tunda ba don haka aka rubuta shi ba, shi ne garin kansa. Bello malami ne mai kafa hujja, Gimbana ta shigo masa ne a matsayin hujja. Ba ya tsaya ya nuna mana kasuwarta ko rijiyoyinta, ko abin da matan garin suke yi da asubar da mahaya suka iso cikin watan azumi. Wannan giɓi na mawaƙi ne da mai ƙaga labari, su kuwa sun bar shi a buɗe.

Surame ma haka, sai dai ita ciwonta daban ne: yabo ya yi mata yawa. Birnin Muhammadu Kanta ne, wanda Tarihus Sudan na Abdurrahman Assa'adi ya ba da labarin yadda ya juya wa Askiya Muhammadu na Songhai baya wajen 1516, bayan yaƙin Agadas. Ganuwarta ta dutse tana nan a ƙaramar hukumar Binji ta Jihar Sakkwato, an sa ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1964, an kuma miƙa sunanta ga hukumar UNESCO a 2007. Amma idan ɗan Kabi ya tashi rubutu a kanta, a waƙe ko a zube, yawanci sai ya ɓuge da kirari: jaruntakar Kanta, jirgin ruwansa da ake cewa an lulluɓe da tagulla, Asbinawan da ake cewa an sa su ɗaukar ruwan gini. Kirari yana da daɗi a bakin maroƙi. A kan takarda kuwa, in ya wuce shafi biyu sai ya zama gangar da ake kaɗa wa kurma. Ba wanda ke tambayar yadda mai ɗaukar dutsen ya ji a wuyansa, ko abin da tsohuwa ta ce ranar da aka kwashe zuwa Birnin Kabi a farkon ƙarni na 18 aka bar mata kufai. Ko fim ɗin Kanta of Kebbi da marigayi Adamu Halilu ya yi a ƙarshen shekarun 1970, sunan sarki ya ɗauka, ba na birni ba.

Bari in kai mai karatu nesa kaɗan don a gane nufina. A ƙasar Turkmenistan ta tsakiyar Asiya akwai kufan birnin Marwa, mahaifar Abdullahi ɗan Mubarak, da na Nasa, garin Imamu Nasa'i mai Sunan, wanda malaman zaurenmu ke karantarwa har gobe. Mongol sun rushe Marwa a 1221. To me ya sa har yau ake iya ganinta a zuci? Saboda Yaƙutul Hamawi, mai Mu'ujamul Buldan, ya zauna cikinta dab da faɗuwarta, ya kuma rubuta ƙananan abubuwa: ɗakunan karatu goma, da yadda yakan tara littattafan aro wajen ɗari biyu a gidansa ba tare da an nemi jingina ba. Wannan zance na jingina ya fi kirari dubu raya birni. UNESCO ta sa Marwa cikin kayan tarihin duniya a 1999, amma Yaƙutu ya riga ta da kusan shekara ɗari takwas.

Ba cewa nake yi ba mu da gadon irin wannan rubutu ba. Bello Kagara ya gwada a Ganɗoki tun 1934, ya ɗauko yaƙin Kwantagora da Turawa daga bakin wanda aka yi da shi, kafin ya saki hanya ya shiga ƙasar aljannu. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi shi riƙe linzami a Shaihu Umar, inda bauta da ayarin Sahara suka fito ta idon yaro da uwarsa. Bayansu sai aka ja birki. Marubutan da suka cika kasuwa tun daga shekarun 1990, waɗanda ban raina ƙoƙarinsu ba don sun koya wa dubban mata karatu, sun fi son falo da mota da Kano ta yau.

Kayan aiki kuwa a zube suke. A Gwandu ne Heinrich Barth ya samu kwafin Tarihus Sudan a 1853, wato ƙasar nan ba baƙuwar littafi ba ce. Gidan tarihi na Kanta a Argungu a buɗe yake tun 1958. Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahin Gwandu yana ɗauke da ɗacin mutumin da ya ga Alwasa a 1805. Jega kanta ci gaban labarin Gimbana ce, domin Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa ta bayan abin da ya faru a Kware, ta kuma bunƙasa har kasuwarta ta zama matattarar fataken goro masu zuwa Gwanja. Ɗan wanda aka yaƙa a matsayin ɗan tawaye ya dawo kusa da kufan mahaifinsa, ya yi mubaya'a, ya kafa garin da zuriyarsa ke sarauta da sunan Sarkin Kabin Jega. Yadda ya yi da zuciyarsa a ranar mubaya'ar nan, Sardul Kalami bai kai wurin ba.