"At a glance": leƙen da jarida ke sayar mana a matsayin labari

Jama'a, duk mai tsayawa wajen 'yan jarida a Mokola ya saba ganin wata 'yar kalmar Turanci, "glance". Ma'anarta ka ɗora ido a kan abu ka ɗauke nan take, wato leƙe ko kallo ɗaya. Tsohuwar ma'anarta ta fi tona mata asiri: makami ya shafi abu ta gefe ya zame, bai shiga ba. Yaranmu masu kallon ƙwallo sun san wannan, don idan mai sharhi ya ce "glancing header", ƙwallo ce ta ɗan shafi kai ta wuce.

Akwai inda kalmar ke aikinta da gaskiya. Idan jarida ta yi ɗan akwati ta rubuta "at a glance" a kai, ta jera farashin dala, ko sakamakon wasa, ko ƙuri'un kowace ƙaramar hukuma, ba mu da ta cewa. Lamba ce, kallo ɗaya ya ishe ta, kuma ɗan kasuwa ba ya da lokacin karanta shafi uku kafin ya buɗe shago.

Inda muke da ja shi ne a ɗauki rikicin mutane a cusa shi cikin wannan akwati. Ku tuna Shasha, a watan Fabrairun 2021. Abin da ya fi yawo a wayoyi layi huɗu ne ko biyar: Hausawa da Yarbawa sun gwabza, an ƙona shaguna, Gwamna Makinde ya rufe kasuwa, an sa dokar hana fita. Babu ƙarya a ciki. To amma wanda ya karanta wannan a Legas ko a Kano, me ya sani? Bai san Shasha ce masaukin tumatir da albasa da tattasai na Ibadan ba. Bai san matan Yarbawa sun yi shekaru suna ɗaukar kaya bashi a hannun dillalanmu, a biya bayan an sayar ba. Bai san akwai maƙwabta da suka ɓoye maƙwabtansu ba. Ƙabilu biyu kawai ya gani da wuta a tsakani, kuma da wannan hoton zai kalli mai tura baro a unguwarsu gobe. Wasu 'yan jarida sun je, sun zauna da mutane, sun rubuta dogon bayani, Allah ya saka musu. Sai dai gajeren ne ya fi gudu a WhatsApp, har a hannun namu.

Wanda ya fi ba mu haushi ma shi ne na masu sharhi. Sai ka ga mutum ya buɗe magana da "a cursory glance at" kaza, ya ce wai ko ɗan leƙe ya isa ya nuna cewa masu shigowa daga Arewa ne matsalar gari. Duba dabarar fa. Da bakinsa ya ce bai bincika ba, amma ya juya rashin binciken ya zama hujja, kamar abin a fili yake har ba ya buƙatar shaida. Idan ka musa, kai ne makaho. Mu da muka taso a cinikin goro, wa ya taɓa biyan kuɗin huhu don ya leƙa na sama? Sai an zura hannu har ƙasa, don a can ake kwantar da mai ƙwaro. A makarantar Islamiyya ma an karantar da mu a Suratul Hujurati cewa labari sai an tabbatar da shi kafin a yi aiki da shi, kuma alƙali ba ya karɓar shaidar wanda ya ce hangowa ya yi.

Rediyon Hausa ya fi su adalci a nan. Idan mai karanta labarai ya ce "a taƙaice", ya ɗauki nauyin cewa shi ne ya rage, akwai saura. Shi kuwa "at a glance" mai karatu yake ɗora wa nauyin, yana ce masa idonka ya gani, shi ke nan.

Saboda haka samarin da ke fassara wa dattawa jarida a ƙofar masallaci bayan La'asar, idan kun ci karo da kalmar nan kada ku ce "jarida ta tabbatar". Ku ce "marubucin ya ce ya leƙa", sannan ku duba ko ya faɗi takardar da ya leƙa, da wanda ya fitar da ita, da shekararta.