Lotsawar Katako: Abin da Masu Facin Jirgi Ke Tsallakewa

Duk lokacin da jirgin fito ya nutse da mutane, magana ɗaya ake yi: an yi masa lodi fiye da ƙima. Haka aka ce a watan Satumba na 2024, lokacin da kwale-kwale ya kife da manoma a Gummi suna hanyar zuwa gonakinsu, rahotanni suka ce an rasa fiye da mutum 40. Haka ma aka ce a watan Mayu na 2021, da jirgin da ya doshi Warra ta jihar Kebbi ya halaka mutane masu yawa. Ba ƙarya ba ne, amma rabin gaskiya ne. Shi jirgin Warra, kamar yadda aka ruwaito, rabewa ya yi gida biyu, kuma katako mai lafiya ba ya rabewa rana tsaka ba tare da ya daɗe yana gargaɗi ba. A ganina, raunin al'adarmu ta gyaran jirgi a yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Nasarawar Burkullu har Gummi, shi ne ta ƙware wajen toshe yoyo amma ba ta ɗauki lotsawa a matsayin ciwo ba.

Masu tsofaffin jiragen ruwa masu tafiya da iska na Turai da Amurka sun san wannan ciwo sarai. A jiragen da aka ƙera da faiba a shekarun 1960 da 1970, doguwar sandar da ke riƙe da ƙyallen iska takan zauna a kan rufin jirgi, igiyoyin ƙarfe suna danna ta ƙasa, dirka ko bango na tokare da ita daga ciki. Rufin kuwa fatar faiba biyu ce da katako marar nauyi a tsakani. Idan ruwa ya sulala ta ramin waya ko na ƙusa, sai katakon ya ruɓe a ɓoye, rufin ya fara yin ciki. Igiyoyi su riƙa saki, ƙofar da ke ƙasa ta ƙi rufuwa, ruwa ya kwanta a gindin sanda. Marar sani sai ya ƙara ɗaure igiya, ya ƙara wa wurin nauyi ke nan. Gwani kuwa ƙwanƙwasawa yake da 'yar guduma yana saurare: lafiyayyen wuri ƙara yake a sarari, ruɓaɓɓe kuwa murya a dishe. Sai ya sauke sandar, ya ɗaga rufin da jak a hankali, ya yanke fatar, ya ƙwaƙule ruɓar, ya duba gindin dirka, kafin ya mayar da komai. Duk maginin da ya taɓa ganin rufin soro ya yi ciki ya san ba a ƙara masa yaɓe, azara ake dubawa.

Jirginmu ba shi da sandar iska, amma yana da wuraren da nauyi ke taruwa: tsakiyarsa inda ake jibge buhunan hatsi da babura, itatuwan gicciye da ke riƙe da gefe da gefe, da katakon baya inda ake ɗaura inji. Nan ne ruwa ke kwanciya, nan ƙusa ke tsatsa ta ci naman katakon da ke kewaye da ita. Abin da aka saba yi shi ne a cusa auduga ko tsumma a tsaga, a shafa kwalta, a buga gwangwani a kai. Yoyo ya tsaya, gaskiya ne. Sai dai gwangwanin nan yana rufe danshi a ciki, kowace sabuwar ƙusa kuma ƙofa ce ta ruwa. Yaron jirgin da bara yake kwarfe ruwa jefi-jefi, bana kuma ƙwarya ba ta barin hannunsa, shi ne shaidar farko cewa jikin jirgin yana motsi.

Za a ce masassaƙa sun fi mai rubutu sanin itace. Babu musu. Kwale-kwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987 ya kai shekara kusan 8,000, kuma da itace dangin maɗaci aka sassaƙa shi, don haka ba yau muka fara ba. Amma wancan ilimi na gungume ɗaya ne, wanda ba shi da mahaɗa. Jirgin falanki da ƙusa da inji, mai ɗaukar babura, wata halitta ce daban, kuma manyan maɗaci da kawo sun yi wuya, har kafinta na amfani da abin da ya samu. Za a kuma ce talauci ne, mai fito ba zai iya ajiye jirginsa ba, balle a yankin da rashin tsaro ya sa wasu hanyoyin mota suka gagara. Wannan hujja ta fi ƙarfi, amma gano ciwon ba ya cin ko kwabo. Igiya a miƙe daga goshin jirgi zuwa bayansa za ta nuna ko ciki ya sauka, tsinin wuƙa kuma zai nuna inda katako ya yi laushi. Canza gicciye ɗaya da rani ya fi sayen sabon jirgi araha nesa ba kusa ba.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da ke Lokoja ta fi mayar da hankali kan rigar ruwa da hana lodi da tafiyar dare, kuma duk suna da amfani, sai dai jami'inta ba zai tsaya a kowace mashiga ba. Masu iya aikin duba jirgi suna nan bakin gulbi. Ya kamata sarakunan ruwa da shugabannin masu fito su sa a fito da kowane jirgi tudu kafin faɗuwar damina, a kife shi, a ɓamɓare tsohon gwangwani, a ƙwanƙwasa. Wanda aka samu ya lotsa, kada a bar shi ya ɗauki fasinja sai an canza katakon.