Jinjina ga Masu Bisharar Karkara

A ƙauyukan Filato da Kudancin Kaduna, mai bishara yakan gama wa'azi ran Lahadi, Litinin da asuba ya saɓa fartanya. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, amma ba ya roƙo. Yana koya wa ikilisiya cewa aiki ma sujada ne. Ai Manzo Bulus da ɗinkin tanti ya ciyar da kansa.

Shi ke lallashin manomi kada ya cinye iri, ya gargaɗi mai sayar da acca kan tauye mudu, ya zauna da Zumuntar Mata ana lissafin adashi, har gwauruwa ta samu jarin tuyar ƙosai. Da ba dominsa ba, da gidaje da yawa sun nutse a bashi.

Allah ya ƙara muku ƙarfi, bayin Ubangiji.