Gasar Rubutu da Rainon Marubuci: Darasi ga Ɗaliban Dakoro

Duk mai nazarin adabin Hausa ya san gasa ce ta haifi ƙagaggen labari na boko. A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, yana ɗan shekara 22. Sai dai abin da ya gina Imam shi ne zaman da ya yi da East a Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce ana duba masa aiki. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da mata marubuta masu yawa, amma ɗalibin sakandare a Dakoro buƙatarsa ta wuce kyauta: yana buƙatar tsohon hannu da zai zauna da shi a kan rubutunsa.

Rainon kuwa yana da haɗarinsa. Jiki Magayi ya fito da sunan East tare da na John Tafida, har muryoyin biyu suka cakuɗe. Haka malamin da zai gyara labarin yaron Dakoro yana iya goge karin harshensa, ya mayar da shi Hausar Kano, ya zubar da kalmomin makiyayan kwarin Tarka. Tun da Nijar ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa a 2025, ya kamata masu shirya irin wannan gasa su gindaya wa malami sharaɗi: ya gyara tsarin labari da ƙa'idar rubutu, ya bar wa yaro bakinsa.