Likita Stukeley: Abin da Ido Ya Gani da Abin da Zuciya Ta So

A ƙasar Ingila akwai waɗansu malamai da ba su da sana'a sai bin kufai da tsofaffin takardu, don su gano labarin mutanen da. A cikinsu da wuya a sami wanda aka yaba kuma aka zarga kamar William Stukeley. An haife shi a Holbeach a 1687, ya koyi likitanci a Kembirij, ya rasu a Landan a 1765. Sa'ad da aka kafa ƙungiyar masu binciken kayan da a Landan, shi ya fara riƙe mata sakatare a 1718. Ya yi abota da Isaac Newton, har daga bakinsa ya ji labarin tufar nan da ta faɗo daga itace, ya rubuta shi.

Aikin da ya fito da sunansa shi ne wanda ya yi tsakanin 1719 da 1724 a Stonehenge da Avebury. Waɗannan wurare ne a kudancin Ingila inda mutanen da suka kakkafa manyan duwatsu a kewaye, ba su kuwa bar rubutu ba balle a san nufinsu. Kafin zamaninsa wani ya ce ginin Rumawa ne, wani ya ce na mutanen Danmak ne. Shi Stukeley sai ya ɗauki abin awo da alƙalami ya tafi da kansa, shekara bayan shekara, yana auna duwatsun ɗaya ɗaya yana zana su. Ya lura Stonehenge tana fuskantar mafitar rana a yini mafi tsawo na shekara. Ya kuma lura hanyar da Rumawa suka yi ta karkace don ta kauce wa tudun Silbury, watau tudun ya riga hanyar ke nan. Wannan hujja ce mai ƙarfi, gama kowa ya je zai gani da idonsa.

Ya zo kuwa a kan kari. A lokacin mutanen ƙauyen Avebury suna fasa duwatsun don gina gidaje. Sai su haƙa rami su ka da dutse a kai, su hura wuta da ciyawa har ya yi zafi, sa'an nan su kwarara masa ruwan sanyi su bi shi da guduma. Stukeley ba shi da ikon hana su, amma ya zana wurin kowane dutse kafin ya ɓace. Da zanensa ne aka sake gano gurbin wani kewayen duwatsu a kan tudun Overton a 1930. Haka kuma wata hanyar duwatsu da ya ce ta nufi Beckhampton, malamai suka daɗe suna cewa mafarkinsa ne, sai da aka haƙa a 1999 aka tarar da ita. Gani ya kori ji.

To, amma fa littattafan da ya buga, na Stonehenge a 1740 da na Avebury a 1743, ba awo kaɗai ke cikinsu ba. Ya haƙiƙance cewa waɗansu limaman mutanen da, waɗanda Rumawa suka kira Duruwid, su suka yi ginin. Ya ce wai sun zo daga gabas tare da Finikiyawa, suna riƙe da addinin Annabi Ibrahim, wai kuma Avebury siffar maciji ce da ya ratsa zobe. Ba dutse ko takarda da ta faɗa masa haka. Ya yi lissafi ya ce an gina Stonehenge wajen shekara 460 kafin haihuwar Annabi Isa. Binciken zamani ya nuna an fara aikin wajen shekara 3000 kafin haihuwarsa, manyan duwatsun kuwa wajen 2500, tun ba a ji ɗuriyar Duruwid ba.

Waɗansu suna yi masa hanzari, su ce da mutum ne mai hankali, zamansa limamin coci a 1729 shi ya juya shi. Stuart Piggott ya karkata ga wannan a littafinsa na 1950. Amma waɗanda suka bi takardunsa daga baya sun ga tun yana cikin awo wannan ra'ayi yana ransa. Ashe ba mutum biyu ba ne, mutum ɗaya ne wanda idonsa ke da kaifi, zuciyarsa kuwa ta riga ta zaɓi amsa. So hana ganin aibi.

Wannan hali ya sake ka da shi har sau biyu. Ya ga zanen wani tsohon kuɗi na sarki Carausius wanda harufansa suka goge, maimakon ya karanta Fortuna sai ya karanta Oriuna, ya ce sunan matar sarkin ne, ya yi ta rubutu a kanta, alhali ba a taɓa yin ta ba. Sa'an nan a 1747 wani saurayi, Charles Bertram, ya rubuto masa daga Kopenhagen wai ya sami tsohon littafi mai bayanin Ingila a zamanin Rumawa. Stukeley bai ga ainihin littafin ba, kwafi kaɗai aka aiko masa, duk da haka ya tsaya masa har aka buga a 1757. Sai bayan shekara wajen 100 aka tabbatar Bertram ne ya ƙaga shi, bayan ƙaryar ta riga ta shiga taswirori da littattafan tarihi.

To, mene ne hukunci? Wanda ya yar da Stukeley gaba ɗaya ya yi asara, gama wani ɓangare na abin da ya auna ba mai iya sake aunawa, waɗansu duwatsun sun zama bangon gidaje. Wanda kuwa ya haɗiye shi duka ya sha gari da tsakuwa. Laifinsa ba yin zato ba ne, kowane mai bincike yana yi. Laifin shi ne ya jera zato da shaida a layi guda, ya ba su murya ɗaya, har mai karatu ya kasa rarrabewa.

Saboda haka mai karatu, musamman wanda bai daɗe da buɗe ido ga boko ba, kada ya ɗauka duk abin da inji ya buga gaskiya ne. In ya riƙi littafin tarihi, ko na wace ƙasa ne, ya riƙa tambaya: wannan marubucin ya gani ne, ko an gaya masa, ko kuwa so ya ke ya zama haka? Malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun binciki wanda ya ruwaito ta. Da Stukeley ya yi wa Bertram haka, da sunansa ya tsira daga rabin zargin da a ke yi masa. Allah Ya ba mai nema basirar tankaɗe da rairaya, amin.