Soundbeam: Wa Ke Kiɗan, Yaron Ko Na'urar?

A makarantun yara masu buƙata ta musamman a Ingila akwai wata na'ura da ta daɗe tana tashe, sunanta Soundbeam. Idan ka gan ta sai ka ce tocila ce aka kafa a kan sanda. Ba a taɓa ta. Yaro zai ɗaga hannu a gabanta, ko ya karkata kai, sai sautin fiyano ko sarewa ya fito daga lasifika. Bidiyon irin wannan zama suna da taɓa zuciya, shi ya sa ba kasafai ake tsayawa a tambayi abin da ya kamata ba: kiɗan nan da muke ji, nawa ne na yaron a ciki?

Yaran da ake magana a kai su ne masu larurar jinkirin fahimta, wadda mutum ke tashi da ita tun yarinta, ta sa koyon magana, karatu ko kula da kai ya yi masa wuya. Masu larurar Down na cikinsu. Ba taɓin hankali ba ne, ba kuma iska ba ce. Ƙungiyar Mencap ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 1.5 ne ke da ita a Birtaniya, wasunsu kuma tana haɗe musu da naƙasar jiki mai tsanani, ta yadda riƙe makaɗi ma ba zai yiwu ba.

Abin mamaki, ba don su aka ƙera na'urar ba. Edward Williams, wanda ya tsara kiɗan shirin Life on Earth na David Attenborough a 1979, shi ya kawo tunaninta a shekarun 1980, don masu rawa su riƙa haifar da kiɗa da motsin jikinsu. Daga baya malaman makarantu suka gano amfaninta.

Yadda take aiki dabarar jemage ce. Tana harba sautin da ya fi ƙarfin jin kunnenmu, wato sama da hertz 20,000, ta saurari amsa-kuwwarsa. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa guda. Idan hannunka na nesa da mita ɗaya, zuwa da dawowa mita biyu ke nan, abin da zai ɗauki kusan kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa. Daga wannan lokacin na'urar ke lissafa nisanka. An riga an yanka tsawon filin da ke gabanta gida-gida, kowane gida da muryarsa, sai ta aika saƙo ta MIDI, harshen da kayan kiɗan lantarki ke magana da shi tun 1983, cewa a buga murya kaza.

Abin da na fi yabawa a nan ba kiɗan ba ne ma. A 1969 Carolyn Rovee-Collier ta wallafa wani gwaji mai sauƙi: ta ɗaura zare daga ƙafar jariri zuwa abin wasan da ke rataye a saman gadonsa. Cikin 'yan mintuna jarirai 'yan watanni suka ƙara yawan shure-shure, don sun gane su ne ke motsa abin. Wannan ganewar, cewa na yi abu kuma duniya ta amsa, ita ce tushen koyo. To ka duba yaron da komai yi masa ake yi: a ɗaga shi, a ba shi abinci, a tura kekensa. A ce yau ƙaramin motsin kafaɗarsa ya cika ɗaki da sauti, ba ƙaramin abu ba ne. A wannan gaɓar Soundbeam ta yi abin da ganga da kalangu ba za su iya ba.

Matsalar tana cikin saitin. Wani ne ya zaɓi kayan kiɗan, ya zaɓi muryoyin, ya yanke faɗin kowane gida, sau da yawa har da kiɗan rakiya da ke tafiya a ƙasa. Akan so tsarin muryoyi biyar, irin wanda za ka samu idan ka bi baƙaƙen madannan fiyano kaɗai, domin duk yadda ka haɗa su ba sa karo. Masu tallata irin waɗannan kayan suna alfahari da cewa ba a kuskure a kansu. Ni kuwa nan na ga giɓi. Idan kowane motsi daɗi yake bayarwa, labule ma in iska ta kaɗa shi a gaban na'urar zai yi kiɗa mai daɗi. Mai sauraro ba shi da hanyar bambance yaron da ya nufi wata murya da wanda hannunsa ya faɗo kawai. Mafi muni, shi kansa yaron ba shi da matakin da zai haura. Makaɗin da ba a iya kuskure a kansa, da me za a ƙware a kansa?

Kada a ce na cika zargi, akwai tarihin da ya sa nake taka-tsantsan. A farkon shekarun 1990 wata hanya ta bazu a Amurka ta hannun Douglas Biklen na Jami'ar Syracuse, bayan Rosemary Crossley ta fara ta a Ostireliya: mataimaki zai tallafi hannun yaron da ba ya magana, yaron ya riƙa danna haruffa. Sai ga yara suna "rubuta" jimloli cikakku, iyaye na kukan murna. Da aka yi gwaji, aka nuna wa yaro hoto ɗaya, mataimaki wani daban, abin da mataimaki ya gani shi ke fitowa. Kuma akasarinsu ba da gangan suke yi ba. Har iyaye aka zarga da cin zarafin 'ya'yansu bisa irin wannan rubutu, kafin ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta yi watsi da hanyar a 1994. Soundbeam ba haka take ba, babu mai riƙe hannun kowa, kuma ba wanda za a ɗaure saboda kiɗa. Amma son da muke yi mu ga yaro ya yi abin a-zo-a-gani, shi ne dai a duka biyun.

Gwada hakan ba wuya. A kashe na'urar auna nisan ba tare da yaron ya sani ba, a bar kiɗan yana tafiya da kansa. Ko a jinkirta sautin da daƙiƙa biyu. Idan ya tsaya, ya ɓata rai, ko ya ƙara ƙarfin motsi yana neman abin ya dawo, to ya san shi ke tuƙi. Rovee-Collier ma da irin wannan ta kafa hujjarta, tana kwatanta lokacin da zaren ke ɗaure da lokacin da aka kwance shi.

Sai batun magani. Shirye-shirye da yawa, don su samu tallafi, sai su yi alkawarin cewa kiɗa zai inganta magana da mu'amala. Yawancin abin da aka rubuta kan irin wannan na'ura rahotanni ne na yara ƙalilan, ba tare da rukunin kwatanci ba. Babban gwajin da aka yi a kusa da fannin shi ne TIME-A, wanda ya fito a mujallar JAMA a 2017: yara 364 masu otizim, 'yan shekara 4 zuwa 7, a ƙasashe 9. Bayan wata biyar, waɗanda aka ƙara wa jinyar kiɗa ba su bambanta da sauran ba a babban ma'aunin mu'amala. Ba Soundbeam aka gwada ba, yaran ma ba daidai suke da namu ba, kuma bitar Cochrane ta 2022 ta ga alamun amfani a wasu ma'aunai. Duk da haka, wa ya taɓa tambayar yaro mai lafiya ko darasin garaya ya gyara masa mu'amala kafin a bar shi ya ci gaba? Ranar da aka jingina kiɗan waɗannan yara da magani, ranar aka ba mai kuɗi dalilin janye hannu idan alƙaluma ba su fito ba.

Akwai waɗanda suka bi hanyar da ta fi gamsar da ni. Tsarin Sounds of Intent na su Adam Ockelford yana auna ci gaban yaro a kiɗan kansa, matakai shida, ta fuska uku: yadda yake amsa sauti, yadda yake haifar da shi, da yadda yake musayarsa da wasu. A Bristol, ƙungiyar Open Up Music ta ƙera Clarion, makaɗin da ake iya sarrafawa da motsin kai ko ido, wanda ake sake masa tsari gwargwadon yadda mai kaɗa shi ke ƙwarewa, kuma a 2018 suka kafa National Open Youth Orchestra, inda sai an tantance matashi kafin a ɗauke shi. A Landan kuma Heart n Soul, da ke aiki tun 1986, ita ta tsaya wa marigayiya Lizzie Emeh, wadda ke da jinin Najeriya, har ta fitar da kundin waƙoƙinta Loud and Proud a 2009. A can ana maimaita atisaye, ana cewa wannan bai yi ba, a sake.

Ga ɗalibanmu na injiniya, zuciyar wannan na'ura ba baƙuwa ba ce. Ƙaramar na'urar auna nisa ta HC-SR04, mai aiki da hertz 40,000, wadda ake haɗawa da Arduino a aikin kammala digiri, wannan lissafin na amsa-kuwwa take yi, tana kaiwa kusan mita huɗu. Duk wanda zai haɗa ta don wata makarantar yara masu buƙata ta musamman, ya sa mata abu biyu tun daga farko: maɓallin da malami zai yanke sautin a ɓoye, da hanyar ƙara yawan muryoyi daga biyar zuwa bakwai zuwa goma sha biyu.