Kilba Ya Tafi Sama Shi Kaɗai

A 1969 aka dakatar da shirin Star Trek a talabijin ɗin Amurka. A shekarar ce kuma kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya.

A Amurka, littattafai na cikin abubuwan da suka riƙe masoyan shirin. James Blish ya fitar da Spock Must Die! a 1970, ɗaruruwa suka biyo baya. Raunin yawancinsu ɗaya ne: marubucin ɗan aro ne. Kamar mai gyara manhajar wani, yana iya ƙari, amma ba ya taɓa tushe. Duk haɗarin da Kyaftin Kirk ya faɗa, mai karatu ya san zai koma kujerarsa lafiya, sai fargaba ta gushe.

Dembo ba shi da wannan takunkumi, sai dai ya rasa duniyar da marubuta da yawa za su gina tare. A ganina, shi ya sa Kilba bai samu magada sosai ba.

Mu a Daura muna da irin wannan duniyar. Kowane yaro ya san Bayajidda, Daurama da macijiyar Kusugu: baƙo daga nesa, gari cikin ƙishirwa, ɗiban ruwa sai Juma'a. Marubuci ya kai wannan labarin wata duniyar da ruwa ya fi zinariya tsada. Babu kamfanin da zai hana shi barin macijiyar ta yi nasara.